Sunan Sale a Kan Allo

Dillalin da ya kai ni ƙasar Larabawa ya rantse mini direba zan zama, har hoton motar ya nuna mini a wayarsa. Da na sauka sai na tarar motar da zan tuƙa amalanke ce ta tura kwalayen kaji a ɗakin sanyi na wani kamfanin abinci. Aka miƙo mini rigar sanyi mai warin jikin wani, aka nuna mini ƙofa, aka ce bismilla. Sunan garin ba zan faɗa ba. Har yau ban yafe masa ba, ban kuma ga dalilin yi masa talla ba.

Watannin farko sanyin bai dame ni kamar rashin gaisuwa ba. A ɗakin kwananmu akwai 'yan Nepal da 'yan Bangladesh, mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu ɗaga gira ce kawai. Ni kuwa a Daura daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kasuwa sai maƙogwarona ya bushe saboda ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Sai ga ni ina wuni ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana. Na rame, na zama mai saurin fushi, ko da yake 'yan gidanmu za su ce wannan da shi aka haife ni.

Wata safiya ina tura amalanke na ji kwali ya faɗi a bayan tari, wata murya ta ce da Hausa tsantsa, "Kai, wannan kaza, ko bayan kin mutu ba ki bar mugunta ba!"

Na saki amalanken na zagaya. Wani dogon mutum ne yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana riƙe da babban yatsansa. Na ce, "Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

Ya manta da ƙafar, ya kama hannuna da hannu biyu. Sunansa Sale, daga wani ƙauye a bayan Sandamu. Da na ce masa ni Lawal ne, gidanmu a cikin birni kusa da Kusugu, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ashe ɗan birni ne, shi ya sa kake tura amalanke kamar mai tsoron kada ta ji ciwo. Ku ban da rijiya ɗaya me kuke da shi?" Na ce ko ba komai mu mun san wutar lantarki kafin mu zo nan. Daga ranar muka zama abu ɗaya, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya a masallacin Juma'a.

Shi ya ja ni zuwa wasan bolin. Shugaban sashenmu, wani ɗan Filifin mai suna Danilo, yana da ƙungiyar mutum huɗu a gasar da ma'aikatan kamfanoni ke yi duk Juma'a da yamma, kuma mutum ɗaya ya tafi gida. Na ce ni ba yaro ba ne da zan je jifan kwalabe. Sale ya ce wurin akwai shayi kyauta, kuma ba mai tsawa. Na bi shi.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Dogon layi ne na katako mai santsi, a ƙarshensa an jera wasu abubuwa goma masu siffar kwalba. Za ka zura yatsu uku a ramukan wata ƙwallo mai nauyin tulu cike da ruwa, ka gangara ta, iya abin da ka kayar iya makinka. A gefe da gefe akwai kwata, in ƙwallo ta faɗa ciki ka tashi a tutar babu. Sama da kowane layi akwai allon talabijin mai ɗauke da sunayen 'yan wasa; in juyinka ya zo sunanka zai yi haske, in ka jefa maki ya fito da kansa. Akwai kuma ladabin wurin: in na kusa da kai ya tsaya zai jefa, kai sai ka dakata har ya saki ƙwallo. Ranar farko na yi santsi da takalmin haya na zauna a ƙasa daɓas, Sale ya yi dariya har da hawaye.

Shi Allah ya ba shi hannu, amma bai ba shi natsuwa ba. Wani makon zai share kwalabe kamar mai girbin gero, har mutanen sauran layuka su juyo kallo. Mako mai zuwa sai ya cika kwata da ƙwallo yana cewa katakon ne ya karkace. Duk da haka in aka haɗa aka raba, matsakaicin makinsa ya fi na kowa a ƙungiyarmu. Danilo yana ji da shi sosai.

Duk Juma'a in an gama, Sale zai ɗauki hoton allon ya tura gida. Matarsa Dije ba ta da babbar waya, don haka hoton yana zuwa wayar yayansa, Yaya Mamman, shi kuma ya kai mata ta gani. Na tambaye shi me za ta gane a ciki. Ya ce, "Sunana take gani, ɗan birni. An rubuta sunana a talabijin a ƙasar Larabawa, ai wannan ya ishe ta fira da mata mako guda." A nan ya faɗa mini cewa sau biyu tana ɓari, kuma hutun da ya je gida an sake samun rabo. Ba ya son yawan zancen, sai dai ya ce in sa su a addu'a.

Saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ranar Talata da hantsi, muna fito da kaya daga ɗakin sanyi zuwa filin lodi inda rana ke dafa ƙarfe. Sale ya ajiye kwali ya zauna a kai, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, in ba shi ruwa. Kafin in dawo da gora ya kwanta a gefe. Likita ya ce zuciya ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A gida da an rufe shi kafin la'asar. A can sai takardu, sai hatimi, sai jira. Aka saka shi a firjin asibiti. Kullum in na shiga ɗakin sanyi da amalankena sai in tuna shi ma yana kwance a irin wannan sanyin a ɗaya gefen gari, shi da ko fanka ba ya so. Sau da yawa in kwali ya faɗi a bayan tari sai in tsaya ina jiran in ji an zagi kaza.

A ranar na kira Yaya Mamman na faɗa masa. Ya yi salati ya ce zai neme ni.

Juma'ar da ta biyo na je wurin wasan don in faɗa wa Danilo na bari. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga sunan Sale a allonmu, a wurinsa na kullum, ƙarƙashin nawa. Ban gama mamaki ba sunan ya yi haske. Babu kowa a bakin layi, kwalabe na tsaye ba wanda ya taɓa su, amma sai ga maki ya fito a gabansa, hasken ya wuce kan na gaba.

Danilo ya yi mini bayani yana kallon takalmansa. Dokar gasar ce: in ɗan wasa bai zo ba, na'ura za ta ɗauki matsakaicin makinsa ta rage kaɗan ta rubuta masa, ta yi ta rarraba shi juyi bayan juyi. Makin Sale yana kwance ya fi na duk wanda za mu iya samowa a tsaye. Na ce masa, da ɗan Turancina mai gargada, mutumin nan ko likkafani ba a sa masa ba amma an riga an mayar da shi aiki. Na jefar da takalman haya na fita.

A bakin ƙofa wayata ta yi ƙara, Yaya Mamman ne.

"Lawal, ina wuni, yaya haƙuri? Magana ce nake so ka taimake ni. Ban faɗa wa yarinyar nan ba."

"Yaya, har yau?"

"Ka san tarihin cikinta. Ungozoma ta ce ko tsawa kada a yi mata. In ta ji wannan ta zubar, shi ke nan Sale ya tafi bai bar ko inuwa ba. Na ce mata wayarsa ta lalace, da taka yake aro. To yau Juma'a, ɗazu ta aiko a tambaye ni ko hoto ya zo. Ni ban san me zan ce ba."

Na juya na kalli cikin zauren ta gilashi. Daga inda nake ina hango allon. Na ce, "Yaya, hoto zai zo."

Na koma na tsinci takalman a inda na jefar da su.

Haka muka shiga wani irin zama da ba na yi wa maƙiyina fatansa. Duk Juma'a in jefa tawa ƙwallo, in koma kujera, sunan Sale ya yi haske, na'ura ta ɗan yi jim kamar tana jiran ya tashi, sannan maki ya fito. Ƙwallonsa ta kansa, wadda ya saya ta hannu aka huda masa daidai yatsunsa, tana nan a kan maratayi don ba wanda ya iya ɗauke ta. Wata rana na kuskure na zura hannu a cikinta. Ramin babban yatsan ya yi mini yawa, yatsan manomi ne, kuma cikinsa da sanyi. Na ajiye ta na je na wanke hannu, ban sake cin wani makin kirki a ranar ba. In an tashi in ɗauki hoto in tura, Yaya Mamman ya amsa da kalma ɗaya, "Madalla." Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne Dije ba ta taɓa cewa a haɗa ta da shi ta ji muryarsa ba. Yaya ya ce kunya ce, wace mace za ta dubi yayan miji ta ce tana son jin muryar ƙanensa. Na yarda, don ina son in yarda.

Da takardu suka fito muka rufe shi a wata maƙabarta mai farin yashi a bayan gari, mu kaɗan: ni, limamin wurin, wasu Sudanawa biyu da suka zo wata jana'izar suka tsaya don Allah, sai Danilo daga nesa ya cire hula. Babu itace ko ɗaya da zan yi alama da shi. Kwana uku bayan nan sunansa ya sake yin haske a allo.

Gasar ta yi nisa, muna sama-sama, sai ƙungiyar ma'aikatan wani asibiti suka kai ƙara cewa muna wasa da sunan mamaci. Gaskiya suka faɗa. Aka tara shugabannin ƙungiyoyi a gefen teburin shayi, aka ce za a goge sunan daga wannan makon. Danilo ya fara kame-kame kan doka. Na ture shi gefe. Ni da ban iya haɗa jimla uku ta Turanci ba tare da tuntuɓe ba, na tsaya gaban baƙi na ce su kwashe makin duka, su ba wanda suke so, mu zama na ƙarshe, amma su bar mini sunan a allo. Na faɗa musu akwai mace a wani ƙauye da ba su taɓa jin sunansa ba, da ciki a jikinta, hoton nan shi ne ke riƙe da ita. Saura wata biyu ko ƙasa da haka. Da kalmomi suka ƙare mini na nuna cikin da hannu.

Shugabar masu ƙarar wata dattijuwa ce 'yar Sri Lanka, ma'aikaciyar jinya, mai fuskar da ba ta wasa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki takardar ƙarar ta naɗe ta saka a jaka. Ta ce a bar sunan, a bar makin ma, don in allo ya nuna babu komai ai matar za ta gane.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Juma'ar gaba muna dab da layinsu. Juyin Sale ya zo, sunansa ya yi haske. Wani saurayi a cikinsu ya riga ya ɗauki ƙwallo zai jefa, sai ya dubi allonmu ya ja da baya ya tsaya, ƙwallo a ƙirjinsa, kamar yadda ake yi wa mai rai. Sai da makin ya fito sannan ya jefa. Daga nan abin ya bazu. Duk ƙungiyar da ta zo kusa da mu, in juyin Sale ya zo sai hagu da dama su dakata. Mutanen da ba su san Sandamu a taswira ba suna tsaye shiru suna ba wa wurin da ba kowa hanya. Na gode musu har zuciyata, amma ina tsoron lokacin nan fiye da komai. Nakan kafa idona a ƙasa, don na tabbata wata rana in na ɗago zan ga dogon bayansa.

Wata Laraba ina cikin ɗakin sanyi saƙon Yaya Mamman ya shigo. Dije ta sauka lafiya, namiji. Na zauna a kan kwalin kaji na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Kafin suna Yaya ya tara manya aka faɗa mata. Ya ce mini ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi ta juya fuska bango. Aka raɗa wa yaro sunan ubansa, ana kiransa Audi kamar yadda ake kiran duk wanda bai tarar da mahaifinsa ba. Juma'ar nan na sa aka goge sunan. A zagayen fitar da gwani aka yi waje da mu tun wasan farko, ni na jefa ƙwallon ƙarshe kuma kwata ta tafi. Ban ji komai ba.

Sai da shekara ta zagayo na samu hutu. Kwana biyu da isowata Daura na hau mashin na kama hanyar Sandamu, gero ya yi kai a gonaki. Yaya Mamman ya tarbe ni, muka yi addu'a, muka sha fura, sannan ya yi mini iso. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki. Dije ta fito da yaron a kafaɗa, ta zauna nesa kaɗan, kanta a ƙasa. Ƙaramar mace ce mai sanyin murya. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Yaya ya tashi zai duba dabbobi, sai wata tsohuwa da ke tsince wake a gefe.

Na fara cewa ta yi haƙuri da ɓoyon da muka yi, sai ta ce, "Malam Lawal, ai na sani."

"Kin san me?"

"Tun hoto na uku. Ɗari da talatin da biyu, ɗari da talatin da biyu, ɗari da talatin da biyu. Ni ban san wasan ba, amma na san mutumin. Baban yaron nan ko gishiri bai taɓa zubawa daidai sau biyu ba. Yau ya ci da yawa ya kira yana cika baki, gobe ya faɗi ya ce katako ne. Da na ga lamba ta tsaya wuri ɗaya na san ba hannunsa ba ne."

Da ƙyar na ce, "To me ya hana ki magana?"

"Ina ganin yadda Yaya ke kawo wayar duk Juma'a. Kuna ta wahala don cikin nan, in na ce na gane ai na zubar muku da wahalarku. Kuma ni ma tsoro nake, in aka faɗa da baki ban san abin da jikina zai yi ba." Ta gyara wa yaron wuya. "Amma kun manta abu ɗaya. Takabar mai ciki da haihuwa take ƙarewa. Da na jira ku, da ranar da za ku faɗa mini ba sauran ko kwana ɗaya da zan yi masa."

Wallahi mu maza biyu, da duk kiran wayar da muka yi, ba wanda wannan ya faɗo masa a rai. Ta ce a ranar hoto na uku ta wanke kwalli, ta cire 'yan kunne, ta ce wa mutanen gida ciki ne ya sa ba ta son ƙamshin turare. Ta daina fita. A haka ta yi takabarta ita kaɗai a tsakiyar mutane, duk Juma'a kuma ta karɓi waya ta kalli hoto ta ce madalla.

Na ɗauka ta gama. Sai ta ɗago ta dube ni karo na farko.

"Abu ɗaya ya rage mini. Na tambayi Yaya, ya ce ranar Talata ce, amma ya ƙi faɗin wace Talata. A Babbar Sallah na yi kitso, na ƙunsa lalle hannu da ƙafa, na sa turaren da ya kawo mini, na yi yawon gaisuwa har yamma ana ta yaba ni. Malam Lawal, kai kana wurin. A ranar yana raye?"

Ƙarya ta zo har kan harshena, ta saba hanya. Tsohuwar ta daina tsince wake. Na ce, "A'a. Ya rasu kafin Sallah."

"An rufe shi?"

"Ba a rufe shi ba tukuna."

Ta sauke yaron a cinyarta, ta buɗe tafin hannuwanta biyu tana kallo, lallen ya daɗe da gogewa. Sannan ta ce, "Na gode da ka faɗa mini," ta ɗauki ɗanta ta shiga ɗaki.